Cinikin Tsohon Kalangu a Wudil

Ranar Juma'a mutanen ƙauyuka irin su Kausani, Wudil suke nufa, don ranar ce kasuwa ke ci. Shanu ne suka yi wa kasuwar suna, kuma inda mahauta suka taru da wuya a rasa makaɗi, tunda kalangu kiɗansu ne tun kaka da kakanni. Sai dai cinikin tsohon kalangu ba shi da rumfa. Hannu da hannu ake yin sa, tsakanin makaɗin da ya ajiye sana'a, ko magadansa, da yaron da ke son ɗauka.

Baƙo fata yake fara dubawa. Ɗan gari kuwa bai damu da ita ba, don fata da tsarkiya abin sauyawa ne. Kuɗin yana jikin kango. Zai ɗaga shi ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, sannan ya bi tsakiyar nan da ta tsuke yana neman tsaga, don nan ne hunturu ke yi wa ice illa. Wasu kan cike tsagar da danƙo su shafe da fenti, shi ya sa ƙyalli a jikin tsohon kango abin tuhuma ne. In ya ga ƙananan huji suna zubar da gari, ƙwaro ya gama da cikin. Kangon alilliba da ya sha shekaru, ya yi baƙi da gumin hammata, ni a ganina ya fi sababbin da ake jerawa a kasuwar Kurmi, waɗanda da yawansu na adon falo ne.

In kango ya yi masa, sai ya ce wa mai kaya, "Baba, bari in ji bakinsa."

Sai ya saɓa, ya matse tsarkiya ya saki. Kalangun kirki muryarsa na hawa da sauka har ka ji kirari a ciki. In ta tsaya wuri ɗaya, ciniki ya mutu.

Idan an haɗa da ɗan karɓi da kuntuku, gangunan da ke raka shi, kuɗi ya ƙaru. Labari ma ana sayar da shi: mai kaya na iya rantsuwa cewa an kaɗa wa Mamman Shata wannan kalangu, alhali Shata ya rasu tun 1999, ba mai shaida. Fiyano ya ƙwace wa makaɗa bukukuwa da dama, amma dambe bai saki kalangu ba. Don haka mai neman rahusa da damina yake tayawa, kafin kaka ta yi, 'yan dambe su fito, mai kaya ya fara cewa albarka.