Layin Injina a Ƙofar Ruwa

Ƙofar Ruwa ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, amma yau da an ambace ta kasuwa ce ke faɗo wa mutum a rai: rodi, kwanon rufi, bututu, da kayan gyaran mota. Wanda ya ratsa 'yan rodi ya kutsa ciki, warin baƙin mai ne zai fara tarbarsa kafin idonsa ya sauka kan injina. Ga su nan jibge a bakin shaguna, wasu bisa tsofaffin tayoyi, wasu bisa katako, kowanne an shafa masa lamba da fenti. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin.

Yawancinsu na hannu ne, 'yan Beljiyam, ko da kuwa daga Japan ko Dubai suka taso. A kwantena suke sauka Legas ko Kwatano, wasu sai sun yada zango a kasuwar Ladipo ta Mushin kafin a hauro da su Arewa. Hausawa da Ibo ke riƙe da shagunan, kusa da su kuma ga dillalai, 'yan dako masu baro, da yaran makanikai da aka aiko neman ƙusa ɗaya tak.

Mai sayen inji ba ya zuwa shi kaɗai, da makanikensa yake tafe. Sau da yawa mutum ne mai tsohuwar Hilux ta dizal wadda ta gaji da jigilar buhuna daga Dawanau, injinta 2L mai lita 2.4 ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Da ya tsaya, mai shago zai tare shi: "Alhaji, mai turbo za a ba ka, ko babba?" Zaɓin ke nan da ke cin rabin yini.

Mai turbo shi ne 2L-T. Girmansa ɗaya da wanda ya mutu, sai dai hayaƙin da ke fita yana juya wata 'yar fanka da gudun da ya haura sau 100,000 a minti, ita kuma ta danna ƙarin iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, man da za a ƙona ya ƙaru, ƙarfi ya samu. A kan kwalta, daga Kano zuwa Zariya, direba zai ji daɗinsa ƙwarai. Babban kuwa shi ne 3L mai lita 2.8, ko 5L mai lita 3.0. Ba su da turbo, faɗin silinda ne ƙarfinsu, kuma tun daga tashi suke ja, abin da motar kaya ke buƙata idan ta kafe cikin yashi. Da yake dangi ɗaya ne da 2L, zaunar da su ba ya cin walda mai yawa.

Ni dai a ganina, motar da ta tsufa tana nema wa gida abinci, babban ya fi dacewa da ita. Turbo na son baƙin mai mai kyau, a canza shi kan lokaci, alhali jabun mai ya yi yawa a bakin titi. Yana son matatar iska mai tsabta, ga ƙurar hunturu mai cinye fikafikan fankar a hankali. Yana ƙara wa inji zafi, ga shi a watan Afrilu zafin Kano kan kai maki 40, kuma makanikai sun san kan 2L-T da tsagewa idan ya yi zafi ya wuce kima. Bayan doguwar tafiya yana son a bar shi ya ɗan yi aiki a tsaye kafin a kashe, direban haya kuwa murɗe makulli yake ya fice. Idan 5L ya tsaya a ƙauye, makaniken gindin bishiya zai tayar da shi. Turbo idan ya fara zubar da mai, sai an dawo birni.

Akwai masu son a ɗaura turbo kan injin da ba a ƙera shi dominsa ba. Wannan yana ba ni takaici, domin fistin da ringin irin wannan inji ba su da juriyar wannan matsi, kuma asarar kan talaka take faɗawa. Mai neman ƙarfi na gaske da ke da hali gara ya sayi 1KZ-TE mai lita 3.0, wanda daga masana'anta yake da turbo, amma ya san zai biya mai wayarin, ya sayi kwamfutar injin da wayoyinta, a kuma duba ko giyarsa za ta kama. Babban ma ba shi kaɗai ake saye ba: lagireto, kuloci da birki duk sai an duba ko za su ɗauka.

Gwaji shi ne ran cinikin. A ƙasa ake tayar da inji, a jona batir, a tsoma tiyo cikin galan. Da ya kama, sai kowa ya yi shiru. Makanike zai buɗe murfin mai ya ga ko hayaƙi na hurowa, ya dubi launin abin da ke fita ta baya, ya kara sukundireba a jikin injin ya sa kunne. In mai turbo ne, zai cire bututu ya girgiza sandar fankar da yatsa, in ta yi lilo da yawa ya girgiza kai, su yi gaba.

In an daidaita, mai shago zai ɗiga fenti a kan kusoshi don kada a kwance a musanya masa kaya, ya ba da garanti na 'yan kwanaki, ya rubuta lambar injin a rasit saboda takardun mota. Dillali ya karɓi la'adarsa, ƙarti huɗu su ciccibi injin su ɗora a baro, a nufi bakin titi neman motar da za ta kai shi gareji.