Sauti na ƙarƙara a FL Studio? Duba nan kafin ka zagi kwamfutarka

Watan Afrilun da ya wuce na kusa jin kunya a wani ɗan sitidiyo da ke Mabera, nan Sakkwato. Waƙar biki ce, an biya kuɗi, washegari kamu. Muna cikin ɗaukar murya aka ɗauke wuta, kiɗa ya fara ƙarƙara yana tsinkewa. Mawaƙin ya cire hedifon ya ce, "Malam, mi ya faru? Wanga abu ya lalace?"

Babu abin da ya lalace. Laftof idan ta koma kan batir, Windows na rage mata ƙarfi don caji ya daɗe. Ga zafin garin nan da ke haura digiri 40 a bazara, ita ma da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta. Kiɗa kuwa ba ya jira.

Ga yadda abin yake. FL Studio na shirya sauti ƙunshi-ƙunshi yana miƙa wa sifika. Idan bai gama ƙunshi a kan lokaci ba, wannan giɓin ne kake ji kamar ƙarƙara. Danna F10, shiga Audio, za ka ga Underruns. In lambar tana hawa, ka kama ɓarawon. Sai ka ƙara Buffer length. A 44100, 256 jinkirin kusan milisakan 6 ne, 512 kusan 12, 1024 kusan 23. Ni dai 256 nake sawa wajen ɗaukar murya, don mawaƙi ya ji kansa nan take, in zan haɗa sauti in kai 1024. Ranar nan 512 ta cece mu, muka tada janareto, muka ɗora laftof kan bulo biyu ta sha iska.

In kuwa shiru ka ji gaba ɗaya, duba Device. ASIO4ALL mai rowa ce, ba ta raba sifika da kowa, YouTube na buɗe tana iya ƙin magana. Koma FL Studio ASIO.

Sai masu jera Auto-Tune da amsa-kuwwa a kowace murya, har 'yan amshi huɗu. Haba dai! Tura su layi ɗaya su sha amsa-kuwwa guda. Mun gama ƙarfe 2 na dare, da safe yayar amarya ta aiko a karɓa.