Filtir ɗin baƙin mai: da hannu ake ɗaure shi

Sau da yawa mota kan fito daga bidanji lafiya lau, washegari a tarar da ɗigon mai a ƙarƙashinta. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne filtir, domin a nan ne gaggawa ko yawan ƙarfi ke jawo ɓarna.

Abin da ke hana mai zuba shi ne zoben roba da ke bakin filtir, wanda makanikai ke kira juwan. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, girgizar hanya za ta sassauta shi. Idan kuma aka matse shi da ƙarfe fiye da kima, robar na iya murɗewa ko tsagewa, kuma ranar cirewa sai an sha wuya.

Bayan an kwance tsohon filtir, a tabbatar juwan ɗinsa ya fito tare da shi. Wani lokaci yakan manne a jikin inji. In aka ɗora sabo a kansa, roba biyu ba sa riƙe matsin mai, kuma man na iya tsiyayewa cikin ƴan mintoci.

Sai a goge mazaunin da tsumma mai tsabta, a shafa sabon mai a kan sabon juwan, a murɗa filtir da hannu har robar ta taɓa jikin inji. Daga nan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye guda, ko abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙarfen kama filtir na kwancewa ne. Motocin da ake sauya wa takardar ciki kawai su ne ke buƙatar ƙarfen awon ɗauri, bisa adadin da kamfani ya ƙayyade.

A ƙarshe a tada inji. Jar fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi. A leƙa kewayen filtir, a kashe inji, a jira kamar minti 5, sannan a duba sandar awon mai.

Ga mai shirin kama hanyar Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 600, wannan dubawa ba ɓata lokaci ba ce. Idan jar fitilar ta kama a hanya, a tsaya nan take. Injin da ya yi gudu babu mai yakan ƙone, kuma gyaransa ya ninka kuɗin filtir sau da yawa.