Abin da ya haɗa ƙanƙarar Girinlan da daminar Sakkwato

Daga unguwar Hubbare, inda makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, zuwa tsibirin Girinlan tafiyar dubban kilomitoci ce. Sai dai binciken da masana ke yi da na'urar rada a kan ƙanƙarar tsibirin ya shafi gero da dawar da ake ci a Sakkwato.

Jirgin sama ne ke shawagi bisa ƙanƙarar, yana aika igiyoyin rediyo zuwa ƙasa. Igiyoyin kan ratsa ƙanƙara, su bugi dutsen da ke ƙarƙashinta, su dawo. Lokacin da suka ɗauka kafin su dawo shi ke bayyana kaurinta, wanda ya kai kilomita 3 a tsakiyar Girinlan. Haka kuma rada kan nuna shimfiɗun da dusar ƙanƙara ta jera shekara bayan shekara, da wuraren da ruwa ya kwanta tsakanin ƙanƙara da dutse. Wannan ruwa ne ke sa ƙanƙarar santsi, ta riƙa zamewa zuwa teku.

Hukumar NASA ta Amurka ta ƙaddamar da irin wannan aiki a 2009 ƙarƙashin shirin IceBridge. A 2013, bayanan rada suka tona wani kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 750 da ƙanƙarar ta binne. Taurarin ɗan'adam masu rada kuwa, irin su Sentinel-1 na Turai, su ke auna saurin zamewar.

Inda lamarin ya taɓa Arewa shi ne teku. Idan ruwa marar gishiri daga narkakkiyar ƙanƙara ya kwarara da yawa cikin Atlantika, yana iya raunana zagayawar ruwan da ke kai ɗumi arewacin tekun, abin da kan tura iskar damina kudu. Wani bincike da Dimitri Defrance ya jagoranta, wanda mujallar PNAS ta buga a 2017, ya nuna cewa saurin narkewar Girinlan na iya rage ruwan sama a yankin Sahel, tare da rage filayen noman gero da dawa.

Dattawan Sakkwato ba su manta da farin shekarun 1970 da na 1984 ba. Shi ya sa tambayar da ta dace matasa su yi wa masu neman ƙuri'a ita ce: wane tanadi aka yi wa madatsar Goronyo da noman rani, da irin shuka mai saurin nuna, idan damina ta gajarce?