3.4 Wahalar Haɗiya ga Tsofaffi Bayan Tiyatar Karayar Ƙugu

A wannan sashe za a dubi cimar tsohon da aka yi wa tiyatar ƙugu. A ƙasar Kafin Hausa, wanda ba a kai shi wurin maɗori ba, akan wuce da shi manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Bayan aiki haɗiya takan yi masa wuya, saboda raunin jiki da bushewar baki da ruɗewar da kan biyo bayan maganin sa barci.

A al'ada, majinyaci akan dama masa kunu tsararo a ba shi yana kwance, wani lokaci ma har da ɗura. A nan haɗarin yake, domin abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin bin hanyar iska. Sai tsoho ya ƙware, abinci ya shiga huhu, ya haifar da ciwon huhu, wanda kan yi ajalinsa tun ƙashin bai haɗe ba. Saboda haka, a ganin mai wannan nazari, ya fi dacewa a tayar da shi zaune, a ba shi kunu mai kauri ko tuwon shinkafa mai laushi da kifin da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan da cokali.