Faransa Da Jamus: Yadda Kwal Da Ƙarfe Suka Kashe Gaba

Jama'a, duk wanda ya zauna kasuwa ya san da wuya mutum ya ƙone rumfar da kayansa ke ciki. Wannan dabara ce ta sasanta Faransa da Jamus, maƙwabta biyu da suka gwabza yaƙi har sau uku cikin shekara 75, wato a 1870, da 1914, da kuma Yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945. Yankin Alsas da ke kan iyakarsu sau huɗu yana sake ubangida.

Ran 9 ga Mayu 1950 Ministan Harkokin Waje na Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawara a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu ƙarƙashin hukuma guda. Dalili kuwa, da kwal ake narka ƙarfe, da ƙarfe ake ƙera igwa da tankar yaƙi. In hukuma ɗaya ke lura da su, ba mai iya shirin yaƙi a ɓoye. A 1951 aka sa hannu a Paris, Italiya da Beljiyam da Holan da Luksamba suka shigo. Daga nan aka haifi Kasuwar Tarayyar Turai a 1957.

Ran 22 ga Janairu 1963 Janar de Gaulle da Konrad Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, suka ƙulla yarjejeniyar Elize. Aka wajabta wa shugabannin su riƙa ganawa aƙalla sau biyu a shekara, aka kuma kafa ofishin musayar samari, wanda miliyoyin yara suka ziyarci juna ta hanyarsa. A 1984 Mitterrand da Kohl suka riƙe hannun juna a Verdun, filin da dubban ɗaruruwan sojojinsu suka halaka a 1916.

Kada mai karatu ya zaci ba sa saɓawa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Faransa ta dogara ga nukiliya wajen samun lantarki, Jamus kuwa ta rufe tashoshinta na ƙarshe a 2023, an kuwa sha cacar baki a kai. Amma a teburin shawara ake yinta.

Tun 2002 kuɗi ɗaya suke kashewa, wato Yuro, kuma Jamus ce babbar abokiyar cinikin Faransa. Jikokin waɗanda suka harbi juna suna ƙetare kogin Rayin da safe su tafi aiki, su komo gida da yamma. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta, amin.