Zubin roba a aji: Lambar da ke gindin gora ce ke nuna wadda ta dace da ɗalibai

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tuyar masa a Jimeta ya ga tushen wannan darasi. Tanda ɗaya ce, ramukanta girma ɗaya, amma kafin hantsi masa ɗari ta fito daga cikinta, kowacce kamar 'yar'uwarta. Haka masu buga bulo da maƙeran tukwanen alminiyom ke aiki: a wahala sau ɗaya wajen ƙera mazubi, sannan a riƙa fitar da kaya kashi-kashi.

Manhajar fasaha ta ƙananan makarantun sakandare, wadda hukumar NERDC ta tsara, ta ƙunshi bayanin roba da yadda ake sarrafa ta. Sai dai akwai tazara tsakanin a karanta abu a allo da a yi shi da hannu, kuma a wannan tazarar haɗari yake. Malamin da ya tara tarkacen roba ya aza a kan garwashi ya jefa huhun yara cikin matsala.

Tun shekarar 1988 ake buga lamba 1 zuwa 7 a jikin kayan roba. Lamba 2 da lamba 5, waɗanda akasarin murafen gorar ruwa da bokitai ke ɗauke da su, su ne mafi sauƙin haɗari idan an narkar da su a hankali. Ta farko tana narkewa a zafin kusan digiri 130 na ma'aunin Selsiyos, ta biyu a kusan 165. Lamba 3, wato robar bututun ruwa, tana fitar da iska mai guba idan ta ƙone. Lamba 6, irin farar robar zuba abinci da Jihar Legas ta haramta a Janairun 2024, ita ma hayaƙinta na cutarwa. Ko a cikin masu kyau, ba a gauraya iri biyu, domin abin da aka zuba zai tsage.

Ga ƙananan yara, akwai robar PCL mai laushi a ruwan zafi digiri 60 kacal, ana murza ta da hannu a sake narkarwa. Cikas ɗinta shi ne shigo da ita ake yi, da tsada.

Ainihin ilimin yana ga mazubin. Ɗalibi zai gane cewa dole bakinsa ya ɗan fi gindinsa faɗi, in ba haka ba kayan zai maƙale. Zai ga roba tana tsukewa idan ta huce. Idan aji ya fitar da maƙalar makulli 30, sai a ƙidaya waɗanda suka lalace, a raba kuɗin mazubi a kan sauran, a san farashin kowace ɗaya. Lissafin masana'anta ke nan, a ƙaramin mataki.

Yola ba baƙuwar mayar da shara dukiya ba ce. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, AUN, ta horar da mata saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji, aikin da ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Zubi kuwa yana buƙatar murhun lantarki mai ma'aunin zafi, ɗaki mai iska, safar hannu, da malamin da ya samu horo, irin wanda Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Modibbo Adama da ke garin suke da hurumin bayarwa.